Gida Biyu Ga Mazaɓar Yalwa

A cikin shekarar 2025 ne Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya, ta bakin ministanta na lokacin Ahmed Musa Ɗangiwa, ta ba da sanarwar cewa tana da niyyar gina gida 100 a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, jimla gida 77,400 ke nan, aka kuma ce kashi 80 cikin ɗari za a sayar wa masu ƙaramin ƙarfi su riƙa biya sannu a hankali, ragowar kashi 20 kuwa a ba da su kyauta ga waɗanda ba su da abin hannu, irin matan da mazajensu suka rasu, da marayu, da sauran masu rauni. Da yawa daga cikin waɗanda suka ji labarin a rediyo taɓe baki suka yi suka ci gaba da harkokinsu, domin kunnensu ya daɗe da sabawa da irin wannan albishir. Ni kuwa sai na ga ya kamata a zauna a yi lissafinsa tun yanzu, tun ba a aza tubali ba, domin gyaran rabo kafin a raba ake yin sa.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙaramar Hukumar Rano mazaɓu goma gare ta: Rano, Dawaki, Lausu, Madaci, Rurum Sabon Gari, Rurum Tsohon Gari, Saji, Yalwa, Zinyau da Zurgu. Kashi 20 na gida 100 gida 20 ne, in kuwa aka raba su daidai wa daida tsakanin mazaɓun nan, abin da zai faɗo wa Yalwa da dukan ƙauyukan da ke ƙarƙashinta gida biyu ne. Maƙwabciyarta Kibiya ita ma mazaɓu goma ce, daga Tarai zuwa Durba, daga Fammar zuwa Ruwan Bago, saboda haka rabonta bai bambanta ba. A ƙidayar 2006 mutanen Rano sun haura 140,000, na Kibiya sun haura 130,000, yaran da aka haifa a shekarar kuwa yau wasunsu da iyali. Ban kawo wannan lissafi don in raina gida biyu ba, domin wanda ya kwana ruwa na zuba a kansa ya san darajar ɗaki ɗaya, balle gida. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga cewa duk lokacin da abin rabo ya yi kaɗan masu bukata suka yi yawa, to, adalcin al'amarin da zaluncinsa duka suna taruwa ne a wuri ɗaya, wato yadda ake nema da kuma wanda yake zaɓe.

Tarihin gidajen gwamnati a ƙasar nan ya isa wa'azi a kan haka. Rukunan gidajen da aka gina a birnin Kano, irin su Kundila da Gwammaja, sun amfani jama'a ƙwarai, amma ma'aikata da 'yan kasuwa ne suka shige su, kuma dama don su aka yi. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, an ƙudura gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, abin da aka kammala bai wuce rubu'in abin da aka yi niyya ba, da yawansu kuma an kai su can bayan gari inda babu ruwa babu maƙwabci, har suka yi shekaru jemagu ne ke kwana ciki. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, a ba shi rance ya biya cikin shekarun da ba su wuce 30 ba. Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, biranen da aka gina a gefen Kano tsakanin 2011 da 2015, masu hali ne suka saye su, wasu ma suka kulle suka bari babu kowa. Gidajen da gwamnatin tarayya take ginawa a yanzu kuwa, ma'aikatar da kanta ta ce mai ɗaki ɗaya da falo yana kamawa daga naira miliyan 8 zuwa 9, wanda ke nufin mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko da ba zai ci ba ba zai sha ba, sai ya tara albashin kusan shekara goma kafin ya biya. Kowanne daga cikin tsare-tsaren nan, in ka dube shi da idon basira, za ka tarar mutum ɗaya aka hanga aka yanka masa riga, wato mai albashi, mai asusun banki, mai sauran shekarun aiki a gabansa. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare a gona, da makaho, da gurgu, da wanda kuturta ta taɓa, ba a taɓa gwada su da wannan riga ba.

Yanzu da aka ce an ware musu kaso, abin tsoron shi ne a ba su kason amma a bar musu ƙofar da aka yi wa mai albashi. Bari mu bi hanyar neman tiryan-tiryan kamar yadda aka saba tsara ta. Da fari za a ce a shiga shafin intanet a cike fom, alhali tsohuwar da ake magana a kanta, in ma tana da waya, ƙaramar nan ce mai tocila, wadda jikanta yake kai mata caji bakin kasuwa. Sai ta nemi wanda zai kai ta Rano wurin masu kwamfuta, ta biya kuɗin babur zuwa da dawowa, ta biya mai cikewa, ta biya mai hoto. Sai a tambaye ta lambar katin ɗan ƙasa, wanda galibi ba a samunsa sai na'ura ta ɗauki zanen yatsu, ga shi kuwa shekara hamsin na riƙon fartanya da taɓarya da wankin toka sun shafe zanen, a goga mata yatsa a dangwala, a sake gogawa a sake dangwalawa, na'ura ta ƙi. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu kuwa, da wane yatsan zai dangwala? Sai a tambayi ranar haihuwa, ta ce ita dai an gaya mata tana goye aka yi zuwan Sarauniyar Ingila, wato 1956, ko ta ce tana da ciki na biyu aka canja kuɗi aka koma naira, wato 1973, wanda a wurin mai hankali amsa ce ingantacciya, amma fom ba shi da gurbinta, sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, ita ma da kuɗinta. Kafin a kai ƙarshen wannan hanya, an tace masu nema tsaf, kuma tatar ta juye ce, domin mai ɗa a birni da mai ɗan'uwa a sakatariya su ne za su tsallake, wanda ya fi kowa cancanta kuwa tun a matakin farko ya zauna.

Akwai kuma abin da ya fi rashin takarda nauyi, wanda duk wanda ya tashi a karkarar Kano ya san shi. Na taɓa cewa da wani dattijo a ƙasar Rano, wanda marka ta kayar wa bangon ɗaki har ya koma kwana a zaure, "Baba, ai da ka bari an rubuta sunanka cikin masu neman agaji." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ni da na aurar da 'ya'yan mutane, in je in tsaya a layi ana kiran sunana da lasifika? Allah ya rufa asiri." Wannan ba girman kai ba ne, shi ne ta'affufi, kamun kan da Alƙur'ani mai girma ya siffanta wasu faƙirai da shi a cikin Suratul Baƙara, inda ya nuna cewa wanda bai san halinsu ba yakan zaci mawadata ne saboda ba sa naci wajen roƙo, sai dai a gane su da alamunsu. Tun da kuwa da alama ake gane su, to, wajibi ya koma kan mai rabo ya tashi ya je ya duba, domin duk tsarin da ya ce sai wanda ya zo ya nema za a ba, ya riga ya fitar da mutanen da nassi ya fi yabo.

Sannan sai mu tambayi kanmu, shin mene ne ainihin bukatar tsoho ko mai naƙasa a Yalwa? Galibinsu ba marasa wuri ba ne kamar bayin Allah da ke kwana ƙarƙashin gadoji a birni. Suna da gidan gado, ko kango a cikinsa, abin da ya gagare su shi ne riƙon ɗakin. Ginin ƙasa yana son hidima duk shekara: kafin ruwa ya sauka sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, an hau soro an toshe tsaga, an gyara indararo, an duba azarar da gara ta ci an sauya. Wannan aikin masu jini a jika ne, su kuwa sun tafi cirani Kano da Abuja da Legas, wasu sun yi zamansu can, gayyar da a da ake kira a tashi ɗakin gwauruwa cikin yini ɗaya ta ja baya tun da kowane hannu ya koma sai da lada. Sai shekara ta zagayo ba a yi yaɓe ba, ta sake zagayowa, ran nan cikin watan Agusta ka shiga ɗakin ka tarar an jera tukwane da kwanoni ana tarar ɗiga, an ja tabarma zuwa kusurwar da ta rage a bushe, bango ya jiƙe har ƙugu yana jiran daren da zai zauna. Kowace damina sai an ji labarin ginin da ya faɗa wa mutane a ƙauyukan jihar nan, kuma sau da yawa waɗanda ba sa iya zabura su fita ne abin yake rutsawa da su.

Irin wannan mutum in ka ɗauke shi ka kai shi rukunin gidaje a bayan sakatariya, ka ba shi bulo da kwano, amma ka raba shi da abin da yake rayuwa da shi. Makahon da ya haddace hanyar ɗakinsa zuwa masallaci da sandarsa, ya san inda kwata take da inda turken akuya yake, a sabon wuri sai ya koma fursunan ɗaki. Tsohuwar da matar maƙwabci take miƙo wa tuwo ta kan katanga, yaran unguwa suke ɗebo wa ruwa, wa zai miƙo mata a can? Kano tana da gidan gajiyayyu a Shahuci, kuma yana da ranarsa ga wanda ba shi da kowa, amma babu dattijon ƙauyen da yake addu'ar ya ƙare kwanansa nesa da maƙabartar iyayensa.

Magabatanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya gamu da wani tsoho makaho Bayahude yana bara, da ya ji cewa tsufa da bukata da jiziya ne suka fitar da shi, sai ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya sawwaƙa, sannan ya umarci ma'ajin baitulmali ya duba shi da ire-irensa, yana mai ganin rashin adalci ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi a tsufansa. Abin lura a nan shi ne umarnin bai tsaya kan wanda aka gani ba, ya haɗa da nemo waɗanda ba a gani ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a cikin Al-Muhalla a kan cewa in zakka ba ta wadatar ba, wajibi ne a kan mawadatan kowane gari, kuma sarki ya tilasta su, su ɗauki nauyin abincin matalautansu da tufafin sanyi da na zafi, da mazaunin da zai kare su daga ruwa da rana da idon masu wucewa. Tsarin Mulkin 1999 ma, a sashe na 16, ya lissafa muhalli mai dacewa da kulawar tsufa da jin daɗin masu naƙasa cikin abin da hukuma za ta fuskanta, sai dai sashe na 6 ya hana a kai ƙarar gwamnati kotu a kan wannan babi. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Hujja dai ba ta yi ƙaranci ba, ta shari'a da ta doka.

Wani zai ce ai nafaƙar iyaye matalauta tana kan 'ya'yansu, kuma haka fiƙihun Malikiyya ya tabbatar. Gaskiya ne, amma da sharaɗin ɗan yana da hali, kuma hukuncin bai ce kome ya rage a kan jama'a ba game da wanda bai haihu ba, ko ya haifa ya binne, ko ɗan nasa yana tura kurar ruwa a Kano yana neman na bakinsa. In na kusa ya gaza, abin ya zama farilla ta kifaya, wadda in babu wanda ya tsaya mata dukan gari ne ke da laifi.

Ba kuma abin da ba a taɓa yi ba ne. Jihar Jigawa a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, ta rubuta masu naƙasa ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma ta riƙa ba su naira 7,000 duk wata. A nan Kano an taɓa gina wa mutanen karkara da ambaliya ta shafa gidaje kyauta a Warawa da Makoɗa da Kunci. Rajistar matalauta ta ƙasa da aka fara tattarawa a zamanin Buhari an gina ta ne bisa ƙa'idar cewa mutanen gari su taru su faɗi waɗanda suka fi su talauci. Amurka kuwa, wadda tun 1959 take da shirin gidajen tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, inda mai haya yake biyan kimanin kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu, har yau mutane sukan yi shekaru a layin jira. Darasin da ke ciki shi ne ko mai arziki bai ishi kowa ba, abin da ke sa a yi haƙuri da layi shi ne kowa ya san gurbinsa a ciki.

Saboda haka ga abin da nake ganin maslaha. Na farko, a ɗauke wa mabukaci wahalar nema a ɗora wa hukuma. Mai unguwa da limami da ma'aikacin lafiya na mazaɓa, da wakiliyar mata, da wakilin masu naƙasa, domin makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu a ƙasar Hausa tun kafin a san ƙungiya, su zaga gida gida cikin rani su ga ɗakunan da idonsu, su rubuta. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa a kawo masa masu yin katin har gida bayan an zaɓe shi, kada rashin katin ya zama dalilin hana shi, shaidar dagaci da mutum biyu adilai ta isa a kan shekarunsa.

Na biyu, jerin sunayen ya fito fili. Na san dagatai da limamai ba mala'iku ba ne, kuma na san ɗan siyasa ba ya ganin rabo ya kau da kai, maganin duka biyun kuwa idon jama'a ne. A liƙa jerin a ƙofar dagaci, a ba da kwanaki wanda yake da ƙorafi ya kawo, a kuma jera shi bisa tsananin bukata, yadda wanda bai samu bana ba zai san shi ne na gaba, ko gwamnati ta sauya ko ba ta sauya ba. Wannan bai ci karo da rufin asirin da na ambata ba, domin maƙwabta sun riga sun san ɗakin wa ya faɗi. Abin da dattijo yake gudu shi ne a gan shi yana roƙo, kuma akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya je ya roƙa da wanda garinsu ya ce haƙƙinsa ne.

Na uku, a ba ƙananan hukumomi damar juya kuɗin wani sashe na gidajen kyauta zuwa gina ɗaki a cikin gidan mai bukata. Kowane magini a Rano zai iya lissafa ɗaki nawa na bulo da rufin kwano naira miliyan 8 za ta tayar, in babu sayen fili babu share daji, kuma amsar ta fi ɗaya nesa ba kusa ba. A yi ɗakin da sanin mai shigarsa: ƙofa mai faɗin da keken guragu zai wuce, ba tare da dogon dokin ƙofa ba, daɓen da ba ya santsi, makewayi kusa mai abin dafawa, domin tsugunno a bakin salga yana cikin abin da ya fi wahalar da tsoho da mai shanyewar ɓarin jiki, ko da yake kunya takan hana su faɗa.

Na huɗu, gidajen da aka gina a filin hukuma kada a ba da su mallaka, domin gidan da aka ba miskini da takarda, kafin shekara ta zagayo dillali ya san hanyar ƙofarsa, in kuma ya rasu magada su sayar. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi a ƙasar nan, ta yi bayanin hubusi, ta kuma yi bayanin ba wa mutum zaman gida iyakar rayuwarsa, bayan rasuwarsa gidan ya koma ga mai shi. A mai da gidajen hubusi a hannun Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2003, mai zama ya zauna har ƙarshen ransa, matarsa da marayunsa ƙanana su ci gaba in ya bar su, in wurin ya zama fanko na gaba a layi ya shiga. Ta haka gida biyu za su yi wa Yalwa hidima tsara bayan tsara, kuma attajiran ƙasar Rano da Kibiya da ke neman sadaka mai gudana za su sami inda za su ƙara na uku da na huɗu.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da kansilolinsu, da Masarautar Rano da hakimanta da dagatanta, shi ne kada su jira sai Abuja ta aiko da fom. Rubuta sunayen tsofaffi da masu naƙasa da ɗakunansu ke shirin faɗuwa ba ya bukatar kasafin kuɗi, littafi ne da alƙalami da tsoron Allah. In gidajen tarayya sun zo, su tarar da jeri a shirye wanda jama'a suka shaida, babu wanda zai iya cusa ɗan ɗakinsa. In kuma ba su zo ba, jerin nan shi za a miƙa wa masu zakka da 'yan majalisa da matasan gari, a fara da ɗaki ɗaya kafin ruwan bana ya sauka. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar raunana, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.